Jirgin Tsoho Cuthbert

A tashar jirgin ruwa mai zuwa tsibirin Carriacou, Mama Eudora na zaune da kwandonta, sai wani mai jakar taya ya zauna gefenta.

"Mama, don Allah, a tsibirin nan ina ya fi daɗin wanka?"

"Duk inda ka faɗa ruwa. Amma in kana so ka ce ka zo garinmu, ƙauyen Windward za ka je, ka ga yadda ake sassaƙa jirgi da hannu."

"Katako da ƙusa? Meye abin kallo a ciki?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan nan, iya bakinka! Tun ba a haifi ubanka ba jiragenmu ke zuwa Trinidad su dawo. Ran Lahadi ma za a tura na tsoho Cuthbert cikin teku. Gari kaf zai ja igiya, a yanka akuya, a sha kiɗa."

"Har yanzu ba ya sare itace sai wata ya fara raguwa?"

Mama Eudora ta juyo. Baƙo ba ya sanin wannan. Ta ƙura wa fuskarsa ido.

"Ba dai kai ne ɗan nasa da ya tafi Ingila ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Bai san ina tafe ba, Mama. Ban sani ba ko zai so ganina."

"Ko zai so ganinka? Je ka karanta sunan da ya rubuta a goshin jirgin, sannan ka dawo ka tambaye ni."