Kabreta Mai Koren Fenti

A tashar motocin Jabal Awliya, Mainasara na rungume da kabretar da ya sayo a Kasuwar Umdurman, sai wani dattijo ya leƙo.

"Samari, ta wace mota ce?"

"Tsohuwar Landirobata, baba. Da hannuna nake gyara ta a gida."

"Kankare baƙin fentin nan mu gani."

Mainasara ya sa farce. Kore ya bayyana, har da lamba.

Dattijon ya rage murya. "Kayan soja ne, na sata. Irinta aka samu a garejin ɗana."

"Yana ina yanzu?"

"Shekara biyu ke nan ina tambaya. Akwai shingen bincike a gaba, ka yar da ita."

Mainasara ya sake duban lambar.

"Baba, rabin injina a wurin mutumin da ya sayar mini da ita na saya."