Gaisuwa a Layin Kamfani

A ɗakin jira na wani asibiti a unguwar Aziziyya ta Jidda, wata dattijuwa ta ajiye waya, ta dubi budurwar da ke gefenta.

"'Yata, kina jin Hausa?"

"Ina ji, Khala. Mayarwa ce ke ba ni wuya."

"Kamfanin waya na kira, yarinya ta amsa mini da Hausa. Da kuwa sai wani daga ƙasar waje, kowa na yarensa."

"An dawo da aikin Jidda. Ni ma can nake. Saboda alhazai aka ɗauke mu, yawancinmu 'yan unguwar Karantina."

"Sai dai yarinyar ba ta da tarbiyya. Ban gama tambayar mutanen gidansu ba, ta ce in faɗi matsalata."

"Mudir ne, shugabanmu, ba ya son dogon kira. Ni ma ya ja mini kunne, ranar da wani tsoho ya gaishe ni har kakata."

"Kika katse shi?"

"Na kasa. Tun da aka rushe unguwarmu, ba wanda ya tambaye ni kakar tawa."

"To ki gaya wa mudir, Bahaushe ba ya faɗin damuwarsa sai an gaisa."

"Halas, magana ta ƙare, ya gane. Yanzu mai koya mana gaisuwa yake nema."

Dattijuwa ta gyara mayafinta.

"Suna ɗaukar tsofaffi?"