Ƙoƙon Ruwan Maame Ekuwa

Shugaban taro, Nana mai garinmu da dattawansa, iyayenmu masu kyafa kifi, masunta, 'ya'yanmu da suka zo daga birnin Akra, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba tsohuwar malamar Turanci damar magana.

Na tsufa ina koya wa yara wata magana da Turawa ke yi, wai mutum ya ɗaga hancinsa sama. Nakan ce musu ma'anarta a miƙa maka abu ka dube shi a wulaƙance. A allo na san ta. Sai bara na gan ta da idona.

Na farko, ku tuna abin da ya faru. Mun tura wakilai gidan Maame Ekuwa Mansa, mai kyafa kifi, su roƙi filin bayan murhunta don gina ɗakin haihuwa, ni na raka su. Ta ba mu kujeru, ta kawo ruwa a ƙoƙo. Jagoranmu ya leƙa ƙoƙon, ya yatsine fuska, ya zaro ruwan gora daga jakarsa. Sauran suka bi sahunsa.

Na biyu, ku tuna al'adarmu. Baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa, sai mai gida ta tambaye shi. Da ba a sha ruwanta ba, Maame ba ta tambaye mu ba, ta koma wurin kifinta. Muka yi ta zama, hayaƙi na shiga idanunmu, har muka tashi.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Watan jiya muka binne jaririn Araba, wanda aka haifa a cikin mota a hanyar asibiti. Da na je wa Maame da maganar, kuka ta yi, ta ce: "Malama, ni na hana su fili? Wa ya roƙe ni? Wanda ya fi ƙarfin ruwana, me zai yi da ƙasata?"

Jama'a, ba don ƙishirwa ake shan ruwan nan ba. Gobe da safe zan koma gidanta. Wanda zai bi ni ya bar gorarsa a mota.

Allah Ya ba Araba haƙuri, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.