Santimita Arba'in da Biyu na Doña Hermelinda

Shugabar ƙungiyar unguwarmu, Doña Nélida. Sakatare da sauran 'yan kwamiti. Fada Evaristo, wanda ya ara mana zauren coci. Don Casimiro, mai lasisin aikin gas ɗaya tilo a unguwar nan. Dattawa, maƙwabta maza da mata, ina yi muku barka da yamma.

Na gode da kuka saka sunana a jerin masu magana, alhali kun san abin da na yi. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Rufino Ledesma, mai gida na goma sha bakwai a layin tashar jirgi, kuma ni ne mutumin da ya sa aka rushe katangar Doña Hermelinda. Magana uku ce ta kawo ni.

Ta farko, yadda abin ya faru. Bara na sayi akori-kura, sai ga shi ba ta shiga gareji sai na naɗe madubi. Kullum in naɗe, kullum in yi tsaki, har na ɗauko mai awon fili. Ya auna, ya ce katangar da marigayi mijin Doña Hermelinda ya gina tsakanin gidajenmu shekara arba'in da suka wuce ta ci filina da santimita arba'in da biyu. Jama'a, ko kamu ɗaya bai cika ba, amma na rungume takardar nan kamar an ba ni gona. Na kai mata, ta sa tabarau, ta karanta, ta ce, "Rufino, in naka ne ai naka ne. Sai dai mitar gas ɗina a jikin katangar take." Na ce, "Haba Doña, mita kuma? Aikin rabin yini ne, a ciro ta a matsar." Da bakina na faɗi haka, ni da ban taɓa ɗaura ko bututun ruwa ba.

Ta biyu, abin da ban tsaya na tambaya ba, kuma ina roƙon kowa ya ji shi da kyau. Mita ba ta matsawa ita kaɗai. Ranar da ma'aikatan kamfanin gas suka zo, sai da suka rufe gas tukuna, suka ce ba za su buɗe ba sai an gwada bututun gidan gaba ɗaya. Bututun kuwa sa'an katangar ne. Ya faɗi gwaji, hita ta faɗi, murhu ya faɗi. Sannan dole mita ta fuskanci titi, gaban gidanta kuma ƙofa ce da taga kawai, babu inda za a kafa ta sai a kan filin nan da na karɓe. Don Casimiro, ga shi nan zaune, ya gaya min tun kafin a sa guduma. Ya ce, "Kai Rufino, naɗe madubinka ka zauna lafiya." Na ce masa yana neman aiki ne.

A watan Mayu aka rufe mata gas. Kun san iskar hunturun garin nan a Yuni, kun san ta a Yuli. Mace mai shekara saba'in da tara ta yi wata biyu tana wanka da ruwan tukunya, tana kwana da rigar sanyi biyu, ni kuwa motata na shiga gareji madubi a miƙe. Tun rasuwar matata, duk ranar da aka yi ruwan sama, a kan akwatin mitar nan take ajiye min faranti na soyayyen burodi, ta ƙwanƙwasa katanga, ta ce, "Zo ka ɗauka tun da zafi, gwauro." Bana an yi ruwa sau shida, na ƙirga. Babu akwati, babu murhun da za a soya a kai. Kunya ta hana ni ƙwanƙwasa ƙofarta, na yi ta cewa gobe.

Makon jiya 'yarta ta zo daga birnin Neuquén ta tafi da ita saboda tari. 'Yar ta ce idan watan Agusta ya ƙare babu gas, za a sa gidan a kasuwa, kuma ban ga laifinta ba.

Ta uku, roƙo. Shugaba, ga takarda na sa hannu gaban lauya: na mayar da santimita arba'in da biyun, a sake gina katanga inda take, a mayar da mita mazauninta. Amma takarda ba ta fasa siminti, ba ta ɗaura bututu. Don Casimiro ya yarda zai yi aikin ya sa hannu, kayan kuma ni zan saya, idan ya samu mutum shida Asabar uku a jere. Ina roƙon masu ƙarfi su zo da diga, ina roƙon masu haƙuri su bi layin kamfani da takardu, ina roƙon wanda ke fushi da ni ya zo da fushinsa ya yi aikin saboda ita.

Kada wani ya damu da yadda za mu shiga gidan. Da safen da za ta tafi, ta sa direba ya tsaya a ƙofata, ta miƙo hannu ta taga, ta ce, "Rufino, ga makulli. Ka riƙa ba shukokina ruwa, kai ne ka san su." Duk layin nan, ni ta ba. Ga shi nan a aljihuna, kwana takwas ke nan.

Allah ya ba Doña Hermelinda lafiya, ya dawo mana da ita gidanta da ɗuminsa. Allah ya saka wa duk wanda zai fito ranar Asabar, ya tsare ku daga irin gaskiyar da na samu, ya mai da kowa gida lafiya. Ƙarfe takwas zan buɗe ƙofar.

Na gode.