Madubin Bindigar Kafili

A ɗakin jira na wani asibitin ido a unguwar Safa, wani dattijo ya kai fuskarsa daf da wayar matashin da ke gefensa, yana leƙen hoton da ke ciki.

"Samari, wannan doguwar bindiga ce?"

"Ita ce, Baba. Ta kafilina ce, maigidan da nake wa aiki a ƙasar nan, ni nake tuƙa shi zuwa filin harbi."

"Me yake harbowa?"

"Farantin ƙarfe, daga nesa sosai."

"Faranti? Ba nama ba? To, da wane idon yake hango shi?"

"Akwai madubi a samanta, shi ke jawo masa abin har gaban hancinsa. Sai ya auna iska, ya riƙe numfashi, ya harba, halas, shi ke nan."

"Ikon Allah! Mu a dajin Ningi sai mun ja ciki har mun ji barewa tana taunar ciyawa."

"Ashe Baba maharbi ne."

"A da ke nan. Yanzu ko jikata ba na ganewa sai ta yi magana. Wannan madubin, idan mai yanar ido ya leƙa, zai gani?"

"Wallahi ban sani ba, Baba."

"Ka tambayar min kafilin naka. Ba harbi zan yi ba, kallo kawai nake so."