Bashin Geron Garinmu

Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Ni ne Umaru, manomi daga Diggi, kusa da Kalgo.

Bara da yunwa ta matsa, garinmu ya ci bashin gero wurin fatake uku na Gwandu. Bana ambaliya ta cinye gonakinmu, biya ya gagara. Biyu suka tausaya, suka yarda da rabi. Na ukun ya ce, "Ko mudu ɗaya ba zan yafe ba." Ran kasuwa ya kame mana jakuna. Yanzu biyun sun ce in muka biya shi duka, su ma sai duka.

Iri kaɗai ya rage a rumbunanmu. Jama'a, ku ba mu shawara: mu ba shi, ko mu shuka?