Safar Hannu Ɗaya

Auta: Salamu alaikum! Yaya? Yaya, kana ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar Autar Baba?

Auta: Kamar? Ka goge lambata ke nan.

Yaya: Hannuna duk baƙin mai ne, da gwiwar hannu na ɗauka. Ina wuni?

Auta: Ni ce zan gaishe ka ai. Ina wuni, Yaya? Ya aiki? Ya shago?

Yaya: Aiki da godiya. Ya asibiti? Ya masu jiki?

Auta: Da sauƙi. Ya Anti? Ya yarana?

Yaya: Duk lafiya lau. Ƙaramin ya fara haƙori, ba mai barci a gidan.

Auta: Allah sarki, Allah ya raya. Ya Baba? Ya ƙafar?

Yaya: Ga shi can bakin ƙofa kan kujerarsa, ya rungume rediyo. Tun safe yake gaya wa masu kawo gyara abin da ke damun firijinsu kafin in buɗe.

Auta: Kuma yana dacewa?

Yaya: Abin haushin ke nan. Ke wai ina kike ne? Ina jin kiɗa-kiɗa.

Auta: Kantin kayan sanyi, can hawa na sama. Yaya, matsa ciki, kar Baba ya ji.

Yaya: Kayan me?

Auta: Sanyi! Kayan sanyi! Matsa ciki na ce.

Yaya: To, na shiga bayan injinan wanki. Lafiya dai?

Auta: An ba ni hutun.

Yaya: Kai!

Auta: An ba ni! Shugabarmu ta sa hannu ɗazu. Na fito ofishinta ina rawa, har wani tsoho mai karaya ya tafa min daga kan gado.

Yaya: Ke da kika ce wataƙila sai baɗi?

Auta: Na karɓi aikin daren kowa, Yaya. Duk mai biki, duk mai ciwon kai na ƙarya, ni ce. Kuma hutun tsakiyar hunturu ba mai so, kowa lokacin zafi yake wawa. Ina fitowa na yanki tikitin jirgi. Ni, kai, Baba.

Yaya: Kin yanka? Har kin yanka?

Auta: Na yanka, bakin alƙalami ya bushe. Irin wanda ba a mayarwa, ba a sauya rana.

Yaya: Wai ruwan kalanda za mu da gaske?

Auta: Ruwan kalanda, Yaya! Shi ɗin dai, wanda hotonsa ke jikin kalandar da ke manne a shagon Baba tun muna yara, har ya koɗe ya koma ruwan toka.

Yaya: Wanda ya mare ni a kansa, don na yi masa gashin baki da biro.

Auta: Wa ke yi wa ruwa gashin baki in ban da kai?

Yaya: Oh, Allah mai iko. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran famfon mutane, yana cewa wata rana sai ya ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse ba mai rufe shi.

Auta: Ka tuna abin da ya ce ranar da likita ya gaya mana idon ba zai dawo ba?

Yaya: Na tuna. Ganin ya wuce ni, jin bai wuce ni ba.

Auta: To shi ne. An ce tun daga wajen ajiye motoci ake jin rugugin. Kuma ka san kunnen hagun nan ya fara nauyi, ni na kai shi awo. Ba zan jira baɗi ba.

Yaya: Gaskiyarki. To yaya tsarin? Ba ni labari.

Auta: Da farko birni. Otal ɗin, Yaya, ba kowa! Matar ta ce mu zaɓi ɗakin da muke so. Na ce na ƙasa, kusa da ƙofa, ba matakala. Ta ce a wannan lokacin ko uku muke so mu ɗauka.

Yaya: Araha dai ba ta ado.

Auta: Wannan ta yi ado har da kwalli. Akwai na'urar ɗumama ɗaki, akwai ruwan zafi.

Yaya: Baba zai kwance musu famfon ya ga yadda aka haɗa.

Auta: Ka ɓoye masa sifana tun daga gida. Sai jirgin ƙasa na cikin gari, mu zauna mu zaga birnin kaf, ba turereniya, ba mai taka masa ƙafa. Ai dalilina ke nan. Ka san shi da cunkoso, da an bangaje shi sau ɗaya ya ce a koma gida.

Yaya: Sai kuma daji?

Auta: Gandun daji biyu, duk kusa da birnin. Na farko mai manyan itatuwa ne. An ce mu ukun nan in muka riƙe hannu ba za mu zagaye guda ba.

Yaya: Da tumbina ko ba shi?

Auta: Da shi ma dai. Kai za ka tuƙa motar haya, kuma sai an ɗaura wa tayoyi sarƙa.

Yaya: An ɗaura musu me? Layin na yankewa.

Auta: Sarƙa! Don santsi!

Yaya: Mota da sarƙa kamar karen gadi. To, mun ji.

Auta: Na biyun kuma shi ne na ruwan. Kuma ji wani daɗin. Lokacin zafi, can nesa ake tsayar da mutane bayan shinge, su ɗauki hoto su tafi. Amma a hunturu ma'aikacin gandun na kai mutum har gindinsa. Har gindinsa, Yaya!

Yaya: Ikon Allah. Mu ne 'yan gata.

Auta: Shi ya sa na shigo nan. Na ɗaukar wa Baba wata riga, in ya sa ta sai ka ce katifa ce ta miƙe tsaye. Na ɗauki hula mai rufe kunne. Safar hannu ce ta rage. Hannunsa ya fi naka girma ko?

Yaya: Nesa ba kusa ba. Ɗauki mafi girma. Wai sanyin har ya kai haka?

Auta: Kai! Dusar ƙanƙara har gwiwa. An ce tafkin da ke sama ma daskarewa yake, mutane na yawo a kansa kamar tsakar gida.

Yaya: Tafkin da ke ina?

Auta: Sama. Saman dutsen.

Yaya: Auta.

Auta: Na'am?

Yaya: Ruwan kalanda daga ina yake zubowa?

Auta: Daga tafkin mana.

Yaya: Wanda ake yawo a kansa.

Auta: Eh... a'a. A'a, Yaya. Ai ruwa mai gudu ba ya daskarewa.

Yaya: Ni mai gyaran firiji kike gaya wa? Ba abin da ba ya daskarewa in ya ji wuya. Masu otal ɗin ba su turo miki hoto ba?

Auta: Sun turo. Fari tas, yana zubowa, gwanin kyau.

Yaya: Buɗe ki ƙara dubawa. Ki ja shi ya yi girma.

Auta: Tsaya... Ga shi. Ga ruwan, ga mutane a ƙasa, ga wani ma ya... Innalillahi.

Yaya: Me ya yi?

Auta: Ya jingina da shi.

Yaya: Ya jingina da ruwa?

Auta: Ya jingina, har ya harɗe ƙafa! Yaya, ba zuba yake ba. A tsaye yake!

Yaya: Shi ya sa ake kai ku har gindinsa! Shi ya sa otal ba kowa!

Auta: Kar ka yi dariya. Wallahi kar ka yi dariya, kuka zan yi a tsakiyar kantin mutane.

Yaya: Ba dariya nake ba, tari ne.

Auta: Dariya kake! Na shiga uku. Zan ɗauko makaho tun daga gida in kai shi ya ji ruwa, ruwan kuma ya yi gum. Me zan ce masa? Tun wancan watan nake ce masa, Baba, za ka ji shi, Baba, saura kaɗan.

Yaya: Har aski ya yi jiya, wai kar tafiya ta zo ba shiri.

Auta: Wayyo Allah. Kar ka ƙara min.

Yaya: A ɗaga tafiyar mana.

Auta: Da wane hutun? Da wane tikitin? Kunnen kuma zai jira ni ne?

Yaya: To tsaya. Kwantar da hankalinki. Ina da dabara.

Auta: Dabararka nake tsoro.

Yaya: Sifikar nan tawa ta shago, mai batir. In sa ta cikin riga. Mu samo ƙarar ruwa a waya. Muna isa, ke ki riƙe hannunsa, ni in koma baya in murɗa ta har ƙarshe.

Auta: Yaya!

Yaya: Ki ɗan fesa masa ruwan gora a fuska, shi ke nan, an gama.

Auta: A wannan sanyin? Ka kashe mana uba? Kai, ka sa ni dariya ina hawaye, mai kantin na kallona.

Yaya: To ban da feshin.

Auta: In kira ya shigo fa ana tsakiyar rugugi? Ruwan kalanda ya ɗauke, a ji muryar Anti tana cewa ka taho da burodi?

Yaya: Sai in ce aljanun wurin ne.

Auta: Allah ya shirye ka. Amma... kana ganin zai yarda? A'a. A'a, ba zan iya ba. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ba zan fara da wannan ba.

Yaya: To ke za ki gaya masa, ba ni ba. Ni dai ba... Baba! Yaushe ka taso? A hankali, akwai wayar wuta a ƙasa.

Auta: Ya ji? Yaya, ya ji?

Baba: Ba ni nan. Auta.

Auta: Na'am, Baba. Ina wuni? Ya ƙafa? Ya... ya rediyo?

Baba: Rediyo na kashe shi tun da yayanki ya shige bayan injin wanki. Mutum ba ya ɓuya don ya gaisa. Kunnen hagu ne ya yi nauyi, na dama lafiyarsa ƙalau.

Auta: Baba, ka yafe ni. Wallahi ban sani ba. Garin gudun cunkoso na...

Baba: Sifikar da ke shaƙewa in an murɗa ta, ita za a kai min?

Auta: Ba ni na ce ba, Baba!

Baba: Na ji wanda ya ce. Zan gamu da shi. Yanzu ba ni amsa. Ya daskare duka?

Auta: Duka, Baba.

Baba: Tun daga sama har ƙasa?

Auta: Har ƙasa.

Baba: Ruwan nan duk girmansa, ya tsaya cik a inda yake?

Auta: Ya tsaya. Ba ƙara ko kaɗan. Baba, na san na yi maka alkawari...

Baba: Bari kukan nan tukuna. Mutumin da ya jingina, wani babba ne a wurin?

Auta: A'a, baƙo ne kawai, kamar mu.

Baba: Ba a kama shi ba?

Auta: Dariya ma yake a hoton.

Baba: Masu zuwa lokacin zafi fa, da idanunsu biyu, a ina suke tsayawa?

Auta: Can nesa, bayan shinge.

Baba: Ba mai matsawa?

Auta: Ina! Ruwan zai tafi da mutum.

Baba: Alhamdu lillahi. Kai, alhamdu lillahi! Ke yarinyar nan, kin san abin da kika yi kuwa?

Auta: Baba, dariya kake?

Baba: Duk rayuwata ruwa gudu yake ina bin sa da sifana. Yau an ce ga babbansu ya tsaya yana jira na, ke kuma kina kuka? An ce gani ya kori ji. To su riƙe ganinsu, su riƙe jin ma. Ni taɓa shi zan yi.

Auta: Baba...

Baba: Zan shafa shi tun daga inda hannuna ya kai. In dawo in zauna bakin ƙofar nan, duk wanda ya ce ya ga ruwan kalanda in ce masa, ka taɓa shi? Kai, mai sifika, daina share ido da hannun baƙin mai, na ji kana jan hanci.

Auta: Wayyo Baba, ka sa na zauna a ƙasan kantin mutane.

Baba: Tashi, kar a ce ba ki da tarbiyya. Kina wajen safar hannun?

Auta: Ga ta a hannuna, mafi girma. Baba, kuɗin wayata na gab da ƙarewa, an yi min gargaɗi.

Baba: To saurara da kyau. Ki tambaye su ko suna sayar da ɗaya.

Auta: Ɗaya? Ai bibbiyu ake sayarwa.

Baba: To ki ba yayanki ta daman ya sa sifikarsa a ciki. Ta hagu kawai nake so, don sanda. Hannun dama kuwa, ba abin da zai shiga tsakanina da...

Auta: Baba? Baba! Hello?